Guzurin Hanya da Guzurin Zama

Da zarar an ɗaure damin ƙarshe an kai rumbu, sai tashoshin Yamai su cika. Haka na tashi na gani ina yaro a Bukoki, haka kuma abin yake har gobe. Samari ne daga Adar, daga Arewa, daga Gobir da Zarmaganda, kowa da ƴar jakarsa, wasu su kwana a tashar Wadata, wasu a harabar Rimbo ko Sonef suna jiran motar asuba. Ratse kawai suka yi a Yamai. Akwai masu nufin Kwatano, akwai na Lome da Akara, akwai na Abijan, akwai kuma waɗanda suka ba kudu baya suka fuskanci Agadas, cikinsu har da baƙi daga ƙasashen yamma. Wanda ya fi ƙarfin mota kuwa, ga danginsa can sun yi cincirindo a filin jirgin Diori Hamani, ana ta "Allah ya kiyaye hanya". Fita dai ba a fasa ba. Amma tanadin da mutum yake yi kafin ya tashi, da abin da yake tararwa in ya sauka, sun yi nisa da yadda na same su.

Kakanninmu ba su san fasfo ba. A zamanin Nasara, lanho da aikin tilas ne suka fi korar saurayi daga gida. Sarki na neman kuɗin haraji, gonar gero ba ta haihuwar kuɗi, kuɗi kuwa suna Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda ake noman koko, ake haƙar zinariya, ake sauke kaya a bakin teku. Shirin tafiya bai wuce abin da gida zai iya ba. A sayar da akuya, a daka gumba, a ƙulle ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi in da hali, a nemo gora da tabarma. A je wurin malam ya duba ranar fita, ya ba da rubutu da laya. A durƙusa gaban mahaifa a nemi gafara, don ba a san mai dawowa ba. Babban guzurin kuwa a ka ake ɗaukarsa, shi ne sunan mai masauki. Tsoho zai ja yaro gefe ya ce, "Ɗana, in ka isa Kumasi ka tambayi zango. In ka shiga zango ka ce gidan Alhaji wane kake nema. Ka ce masa ni na aiko ka, kai ɗan wane ne, jikan wane." Shi ke nan, biza ta samu.

Mai son ganin irin wannan tafiya da idonsa ya nemi fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fito da shi a 1967. Samari uku ne, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, suka taka tun daga bakin kogin Isa har bakin teku. Suka yi dako, suka yi aikin katako, suka kafa teburin koli a kasuwar Kumasi, sannan suka juyo gida suka rabar da tsaraba. A wani fim ɗin nasa na 1958, wanda ya ɗauka a unguwar Tireshbil ta Abijan, tauraron wani ɗan dako ne daga Yamai, Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama mai shirya fim da kansa, ya ciyo babbar kyauta ta farko ta bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Yau gidan raya al'adu na Yamai sunansa yake ɗauke da shi, kodayake ina shakkar ko matasan da ke cika shi ranar wasa sun san mai sunan ɗan ci-rani ne.

Zango hukuma ce mai zaman kanta, tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja aka gaji tsarinta. Akwai Sarkin Zango, akwai liman, kowace ƙabila kuma da shugabanta, Hausawa da nasu, Zabarmawa da nasu. Baƙo ya sauka a zauren mai gida, ya ci tuwon gidan ba a tambaye shi ko dala ba har gajiya ta sake shi. Daga nan mai gida ya dubi ƙarfinsa da hankalinsa. Wannan a haɗa shi da ƴan dako, wancan a ɗora masa tiren turare da madubi bashi, wani a miƙa shi wurin mahauta. Wurin mai gida ake ajiyar kuɗi. Shi ke zuwa karɓo yaro in ɗan sanda ya kama shi, shi ne waliyyi in aure ya tashi, shi ke sayen likkafani in ajali ya yi kira. Ba duka masu gidan ne mutanen kirki ba. An yi waɗanda suka cinye ajiya, an yi waɗanda suka mai da ɗan ɗan'uwa bara shekara da shekaru. Amma mutum na tsoron mummunan labarinsa ya isa garinsu, tsoron nan kuwa ya tsare dukiyar bayin Allah da yawa.

Inda zango ya gaza shi ne, ya bar mutane sun yi shekara ashirin a Gana ba su shiga Gana ba. Ka yi ciniki da Hausa, ka saurari wa'azi da Hausa, ka yi aure cikin zango, to me zai kai ka ofishin gwamnati neman takardar zama? Ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka ga amsa. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama sati biyu ya tattara ya fita. Ranar nan sunan Alhaji wane bai yi wa kowa amfani ba, don shi ma Alhajin yana cikin masu ɗaure kaya. Mutane suka sayar da gida da shago a kuɗin banza, wasu suka ja ƙofa suka bar makulli a hannun maƙwabci. A unguwarmu akwai gidajen da har na girma "gidan ƴan Gana" ake ce musu. Yaransu a Kumasi aka haife su, aka kawo su ƙasar da ake ce musu tasu ce ba su taɓa ganin ta ba, bakinsu ya saba da sakwara da ayaba, tuwon gero na ba su wuya, yaran layi na yi wa Hausarsu dariya.

Ka ce wannan ya isa darasi. Ina! A 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, mutum ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza ya yi kwana 90. Mu kuwa "ba biza" muka ji, "kwana 90" ya bi iska. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya. Ƴan Gana ne suka fi yawa, amma namu ma sun ɗanɗana. Shekara na zagayowa gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya a daidai lokacin fari, har yunwar 1984 ta samu sunan El Buhari. A farkon shekarun 1990 Kodebuwa ta ƙirƙiro katin zaman baƙi, ya zama hanyar tatsar mutane a shingayen hanya, kafin rikicin 2002 ya zo ya hana kowa barci. A 2011 faɗuwar Gaddafi ta juyo da dubun-dubatar ƴan Nijar daga Libiya, da yawa daga su sai tufafin jikinsu. Karatu ɗaya ake biya mana, mu kuma muna ta tashi ba mu haddace ba.

Akwai wani canjin da ba a cika lissafa shi ba, ni kuwa ina ganin ya fi na takarda shiga jiki. Da ina lakwal ni ne mai karanta wa matan layinmu wasiƙa, in rubuta musu amsa, ladana ƙosai. Wasiƙa daga Abijan sai ta yi wata a hanya, yawanci a aljihun wani mai dawowa. Daga baya kaset ya shigo. Mai gida ya zauna a ɗakinsa na unguwar Ajame ya danna rediyo, ya gai da kowa da sunansa tun daga tsohuwa har jaririn da bai gani ba, a taru a tsakar gida bayan isha'i a saurara, mai kuka ta yi, a juya kaset a ɗauki amsa. Kuɗi kuma ko manda ta gidan waya, ko a ɗinke su cikin rigar amintacce. Duk wannan jinkiri wahala ne, ba mai fatan ya dawo. Amma ya ba matafiyin da sararin da na yanzu ba ya samu. Watannin farko ba mai jin ɗuriyarsa. Ya sha wuyarsa a ɓoye, ya koyi gari, ya haɗa ɗan jari, sannan ya aiko da saƙo.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yau gida ba ya barin kowa. Yaro bai gama kwance jaka ba WhatsApp ya fara kuka. An yi haihuwa, ana neman rago. Inna ba lafiya, ga hoton takardar magani. An koro ƙanensa daga lakwal. Ga Nita da Al Izza da Amana a kowace kusurwa, kuɗin da aka tura da hantsi an karɓe su kafin azahar, saboda haka uzurin "ban samu mai zuwa ba" ya mutu. Alherin wannan ba ya musuntuwa. Gidaje nawa ne a ƙasar nan da ba a ɗora tukunya sai saƙo ya shigo? A shekarar fari, kuɗin ƴan ci-rani kan riga agajin gwamnati isa ƙauye. Sai dai ana girbe yaro tun bai fid da kai ba. Abin da ya kamata ya zama jari, ko kuɗin takarda, ko kuɗin koyon sana'a, ana yankar sa ɗan kaɗan ɗan kaɗan kowane sati har ya ƙare. Shi ma yaron da nasa laifin. Hoton da ya ɗauka jingine da motar wani, shi ya sa na gida suka ɗauka ya samu, shi kuma ya sa ƙanensa ya fara neman mai sayen babur ɗinsa.

Hanyoyi ma sun ƙara nisa. Da darajar sefa ta karye da rabi a Janairun 1994, kuɗin waje suka ƙara zaƙi. A lokacin ƴan kasuwarmu, Hausawa da Zabarmawa, sun riga sun jera tebura a titi na 125 a unguwar Harlem ta New York. A Oktoban wannan shekara magajin gari Giuliani ya tashe su, suka koma kasuwar da ke titi na 116, wasu kuma suka gangara Greensboro aikin masana'anta. Abin sha'awa, can ma zango suka sake ginawa: ɗaki ɗaya mutum da yawa, tukunya ɗaya, adashi, da asusun mai da gawa gida. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa hamada suka bi. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Dokar Mayun 2015 ta haramta safarar baƙin haure, direbobi suka bar hanyar da aka sani suka koma bi ta inda ba rijiya, a Nuwamban 2023 kuma aka soke dokar. Aljeriya dai ta yi ta juye mutane a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka.

Shirin tafiya na yau takarda ne tun daga farko har ƙarshe. Takardar haihuwa, wadda da yawa sai sun je gaban alƙali an yanka musu, shi ya sa za ka ga tsara guda duk ranar 1 ga Janairu aka haife su. Katin ɗan ƙasa, fasfo, katin allurar shawara, hoto mai farin bango, takardar banki da aka ranto kuɗin aka zuba don a nuna. Mai mafarkin Amurka ya sha cika cacar biza a shagon intanet. Mai neman Faransa, tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, sai ya fara tafiya wata ƙasa kafin ya nemi izinin tafiya. Ɗalibai na haɗa takardun Maroko da Aljeriya da Turkiyya. Mata na bin dillalai zuwa aikatau a ƙasashen Larabawa, su dangwala hannu kan yarjejeniyar da ba a karanta musu ba, ranar sauka a karɓe fasfo. A kan wannan shiri ake sayar da fili, ake jinginar da gona. Dukansa kuwa shirin tsallake ƙofa ne. Tambayi mai tafiya nawa ne hayar ɗaki a garin da za shi, wace sana'a ce a hannunsa da ake nema a can, kalma nawa ya iya a harshensu, wa zai kira in zazzaɓi ya kwantar da shi da tsakar dare. Amsar ba ta wuce "in na je Allah zai buɗa". Allah na buɗawa, babu shakka. Amma kakansa da bai taka ƙofar lakwal ba ya fi shi shiri, don shi ya san gidan da zai yi sallama.

Waɗanda suka zauna Turai da Amurka, in ka same su ba a gaban jama'a ba, sanyi ba shi suke fara ambata ba, ko da yake sanyin ma ba wasa ba ne ga wanda ya tashi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Kaɗaici suke ambata. Maƙwabci ya shekara bai amsa maka gaisuwa ba. Juma'a ranar aiki ce, sallar idi sai ka roƙi izini. Mai digiri daga Jami'ar Abdu Mumuni ya tarar takardarsa ba ta ci sai ya sake karatu, ya koma gadi ko tuƙin tasi ko wankin kwanoni, yana ɓoye wa gida. Mari ɗaya da ka yi wa ɗanka na iya kawo hukuma bakin ƙofa. Mata da miji da suka saba in an yi saɓani gwaggo ta shigo ta sasanta, yanzu daga su sai ɗaki. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da dillali ke faɗa.

Tushen abin, a ganina, ba mu taɓa yarda cewa zama za mu yi ba. Kowa "shekara biyu zan yi in dawo". Ina da kawu da ya tafi Abijan da wannan magana ina ƙarami, bai dawo ba sai da furfura ta rufe shi. Ya sayar da goro, ya sayar da albasa, har ya kai ga shago nasa na kansa. Bai taɓa sayen ko taku ɗaya na ƙasa a can ba, haya yake har ya taso, don kullum bana ce ta ƙarshe. Duk abin da ya samu yana nan bayan garin Yamai, a wani gida da aka yi ta ginawa daga nesa, ɗan'uwa na tsaye kan aiki, siminti buhu goma a waya, shida a ƙasa. Da ya dawo na je gaishe shi, na ce, "Kawu, barka, Allah ya cika buri, an shigo gida." Ya ce, "Ɗana, gida dai na gina, masu shiga ne ba su zo ba." Ƴaƴansa na Abijan. Julanci da Faransanci suke ji, Hausarsu ta gaisuwa ce. Ba su zama ƴan ƙasa a can ba, don dokar Kodebuwa jini take bi, ba ta duba inda aka yanke cibiya. Takardun nan ma sai da aka sha fama, don ba a rubuta haihuwarsu a ofishin jakadanci ba. Shi baƙo ne a Yamai, abokansa wasu sun rasu wasu sun watse, unguwar da ya sani ta zama kantuna. Su kuma baƙi ne a garin da aka haife su.

Na san masu ganin neman takardar zama, ko koyon harshen mutane, ko sa yaro makarantarsu, tamkar sayar da asali ne. Ban yarda ba. Cikin waɗanda na sani, waɗanda suka fi amfanar gida su ne waɗanda suka kafu a can sosai. Mai takarda shi ke zuwa ganin gida ya koma ba fargaba, shi ke tsayawa a kan gawar mahaifiyarsa. Marar takarda a waya ake nuna masa makara. Mai takarda ne kuma kaɗai zai iya zama mai masaukin na baya, ya tsaya wa yaro a gaban hukuma yadda Alhazan zango suka yi a nasu zamani. Gwamnati ta yi abin da ta iya na karramawa: an kira mazauna waje jiha ta tara, an ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki kafin a rushe ta a 2023. Amma kujera a majalisa ba ta sanar da saurayin ƙauye abin da zai tarar a ƙasar mutane. Har yanzu labarinsa daga bakin dillali yake samun sa, sai hotunan Facebook.

Yanzu kuma ga wani sabon yanayi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mai zuwa Kwatano ya koma sauka daga mota ya shiga kwalekwale. Hanyar Burkina Faso ta zama abin addu'a saboda rashin tsaro. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO, aka fito da fasfon ƙawancensu na AES. CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu, a bar mu mu yi zirga-zirga, har sai an sake sanarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasar abin, ɗan Nijar da ke Akara ko Abijan ko Legas ba da cikakkiyar takarda ba, zaman alfarma yake yi, irin na kakansa kafin Nuwamban 1969.

To, kai mai shirin tafiya, ba zan ce ka fasa ba, don na san abin da ya kore ka. Amma kafin ka sayar da gona, ka koyi sana'ar hannu ko da guda ce, ka nemi sunan mutumin kirki da zai amsa maka sallama a can, ka tambaye shi gaskiyar haya da aiki tun kana gida. In ka sauka ka yi katin ofishin jakadanci, ka nemi izinin zama tun ba a tambaye ka ba, ka koyi harshen gari, duk ɗan da aka haifa maka ka rubuta shi, ka kuma yi masa Hausa a ɗaki. Ku kuma na gida, Inna da Baba da ƙanne, in ya tafi ku ɗaga masa ƙafa. Ku kira ku tambayi lafiyarsa, ku tambayi ko ya samu ɗaki da aiki da takarda. Maganar rago da siminti ku bari sai ya shekara.